Yadda ake shirya hutun amarci a gandun daji daga Maradi: kwana a tanti da yawon ƙafa

Idan ango da amarya suka ce za su ci amarcinsu a daji, da kura da zaki dangi suke fara tsorata su. Amma abin da ke dawo da mutane gida tun kwana na biyu, kowa fuska a murtuke, bai wuce uku ba: ruwa ya ƙare, sanyin asuba ya hana barci, ko ƙafar amarya ta yi bororo cikin sabon takalmi. Duk ukun a cikin Maradi ake maganinsu, kafin a tada mota.

Zaɓen wuri

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin gundumar Bermo. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 2017. A Nuwamban 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure, yankin raƙuman dawa da ke kusa da Yamai, aka sake su a can. Akwai barewa, akwai dila, akwai tsuntsaye, ga makiyaya Fulani da Buzaye kewaye da wurin. Daga Maradi zuwa Dakoro kwalta ce, daga nan kuma rairayi, sai katkat, wato motar da ke iya shiga yashi, da direban da ya san hanya. Kada ku ɗauki ƙaramar motar aboki don rage kuɗi, abin da za ku biya a fito da ita daga yashi ya fi hayar katkat ɗin.

Gandun W, wanda aka mayar babban gandun ƙasa a 1954 kuma ake shigarsa ta Tapowa, ya fi ko'ina dabbobi a Nijar, sai dai shekarun nan ƴan bindiga sun addabi yankin. Ku cire shi daga lissafi. Kure ma, tun harin Agustan 2020 da aka kashe mutum 8, ba wurin da za a je a shimfiɗa tabarma a kwana ba ne. Dajin Baban Rafi kuwa, duk ɗan Maradi ya san labarin satar mutane a bakin iyaka, ba sai an faɗa masa ba.

Wanda ke son giwa da ruwan wanka, sai Yankari a jihar Bauchi ta Najeriya. Doguwar tafiya ce, ta Katsina da Kano, kuma da rana kawai ake yin ta. Ku riƙe katin ɗan ƙasa, takardar aure da katin rigakafin shawara. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ku tambayi direbobin tasha abin da ake nema a iyaka a makon da za ku tashi, kada ku dogara da labarin bara.

Shawarata ga masu farawa Gadabeji ce, kwana uku, ba ƙari.

Lokaci da izini

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu. Bazara, wato Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, tafiyar ƙafa ta zama azaba. Damina kuma ga sauro ga macizai ga hanya ta lalace. Kuma kada ku tashi cikin satin biki. A bari amarya ta cika kwana bakwai ɗinta, a gama gaisuwar dangi, gajiyar hidima ta sake ta, sannan a nemi izinin iyaye na ɓangarorin biyu. Abin da ke kwantar da hankalin uwa shi ne a ce mata, "Inna, ga sunan wanda zai raka mu, ga lambarsa, ranar Alhamis in sha Allah muna gida." A bar mata a rubuce, domin rezo a can yana zuwa yana ɗaukewa.

Sai ku je ofishin ma'aikatan gandun daji a Maradi ku faɗi niyyarku. Su za su gaya muku halin tsaro na wannan makon, da takardar da ake bukata, da wanda za ku nema in kun isa. In sun ce a dakata, a dakata. Ba a shiga gandu ba ɗan rakiya, kuma a yi cinikin ladansa da abincinsa tun kafin a hau mota.

Ruwa

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, saboda ana lissafa ruwan sha kawai, a manta cewa sabbin aure ne kuma masu salla. Ga lissafin mutum biyu a yini ɗaya. Sha: lita 4 kowa, 8 ke nan, don iskar hunturu na busar da jiki ba tare da mutum ya ji ƙishirwa ba. Girki da shayi da wanke kwanoni: lita 4. Alwala biyar da tsarki, in ana tattali da buta: lita 7 zuwa 8. Wanka: lita 5 kowa, da kofi ake zubawa, ba da bokiti ba. Jimilla kusan lita 30 a yini. Kwana uku 90. A ƙara na yini guda don ko mota ta lalace, ya zama 120, wato bido 5 mai lita 25. Wannan naku ne ku biyu. Na direba da ɗan rakiya daban, na injin mota daban. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka a faɗa wa mai mota nauyin tun wuri, kada ranar tafiya ya ce sai an sauke biyu.

Wankan janaba shi ne wanda kunya ke hana a yi maganarsa, shi ne kuma ke cinye ruwan sha. Ango ya tashi da asuba cikin sanyi, ya jawo bidon da ya fi kusa, ya kwarara rabi, da rana a rasa na shayi. To a raba bidunan tun daga gida. Biyu na sha da girki, a ɗaura musu jan ƙyalle a hannu, ba mai taɓa su don wanka ko da me. Uku na wanka da alwala. Taimama ta halatta ga wanda ya rasa ruwa ko yake tsoron cuta, amma kada a bar gida da niyyar dogara da ita.

Yawancin bidunan kasuwa na man girki ne a da. A wanke da ruwan zafi da omo sau biyu, a ɗauraye, a shanya baki a buɗe, a cika a bari ya kwana, da safe a ɗanɗana. In akwai gafi, ya koma na wanka. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko gazuwal, ko an wanke shi sau goma, bai shiga wannan tafiya. A duba murfi kuma: a kifa bido cike a ƙasa minti biyar. Wanda ke ɗiga, a sa leda a baki kafin a murɗa murfin, in ba haka ba girgizar hanyar yashi za ta jiƙa muku barguna ta rage muku lita uku.

Rijiyoyin makiyaya suna da masu su. A yi sallama, a roƙa, a jira dabbobi su gama. Ruwan da aka samu a tace da ƙyalle mai tsabta, a bari ya kwanta, sannan a tafasa shi ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin fakitin, a jira minti 30. Ku riƙe sukari da gishiri don gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wurin wanka kuma a shirya shi tun da rana, ba cikin duhu ba. Sanda huɗu da tampol ko zana, taku ashirin daga tanti ta gefen da iska ke tafiya, da ɗan rami da ruwan zai gangara. A rufe ramin da yashi bayan an gama, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa a busasshen daji tana kiran zuma da sauran ƙwari. Ruwan asuba a ɗumama shi a kan gas, lita biyu masu zafi sun isa surka sauran.

Kafa tanti da kwana

Tanti na mutum uku za ku saya ko ku ara, ba na mutum biyu ba, don jakunkuna ma suna son wuri. Ya zama mai ɗinkakken ƙasa da zif mai aiki da raga. A kafa shi sau ɗaya a tsakar gida kafin tafiya, a ƙirga sanduna da turaku.

A isa masauki kafin la'asar ta yi sanyi. Ba a kafawa cikin kori ko da ya bushe, ba a kafawa kusa da rijiya saboda garke na sammako, ba a kafawa ƙarƙashin gawo ko aduwa: inuwar na da daɗi, amma ƙasan ƙaya ce da kashin dabbobi da kaska. A nemi fili mai ɗan tudu, a share da tsintsiya har sai tsidau da karangiya sun fita, a shimfiɗa tampol, sannan tanti. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ƙofa ta kalli kudu maso yamma. Turaku ba su kama yashi. A ɗaura igiya a tsakiyar itace mai tsawon kamu biyu a binne shi a kwance, ko a cika buhu da yashi a ɗaure a jiki.

Sanyi ta ƙasa yake shiga. Mutane na tara barguna a sama su kwanta kan tabarma ɗaya, ƙarfe uku na dare haƙora na kaɗawa. A sa tabarma, a ɗora katifar soso, a shimfiɗa bargo ɗaya a kanta, sannan a rufa da biyu. Katifar iska ban yarda da ita ba, ƙaya guda ta gama da ita. Hular sanyi da safa ga kowa.

Wannan kuwa doka ce: kaskon garwashi ba ya shiga tanti, ko don ɗumi, ko don shayi, ko don turaren wutan amarya. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar wari, mutum ya yi barci bai farka ba, kuma ledar tanti na kamawa da wuta nan take. In ana son ƙamshi, a turara zannuwa a waje a shiga da su. Humra da turare mai zaƙi a bari sai dare, da rana suna jawo zuma. Takalma su kwana cikin tanti, ko cikin leda a ɗaure, kuma da safe a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Fita fitsari da dare sai da tocila da takalmi rufaffe, kububuwa da dare take yawo kuma launinta na yashi ne. In ƙaddara ta faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya: a cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Tun a Dakoro ake tambayar inda ke da allurar dafin maciji.

Yawon ƙafa

Takalmi a saye shi mako biyu kafin tafiya, a riƙa zagaya unguwa da shi kullum da yamma, da safar da za a sa a can. Ya fi ƙafa da ɗan yatsa ɗaya. Inda aka ji yana gurza, a manna filasta tun fatar ba ta tashi ba. Amarya ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin riga mai tsayin gwiwa ko ƙasa kaɗan, da hijabin auduga marar tsawo. Zanin da ke jan ƙasa karangiya zai kwaso tun taku ɗari na farko. Ku riƙe ƙaramin mataji na roba, da shi ake kankare ta, ba da yatsa ba. Zinari da kayan lefe su zauna gida.

A fita bayan sallar asuba da karin kumallo, a dawo kafin ƙarfe 11. Ranar farko kilomita 4 zuwa 5 sun isa, don yashi na ninka wahalar tafiya. Ɗan rakiya a gaba, wanda ya fi jinkiri a bayansa, mai sauri a ƙarshe. Ango, kada ka wuce gaba kana waiwaye kana cewa ta yi sauri. Kai ne mai jaka, da lita 3 na ruwa, dabino da ƙuli-ƙuli, kuma kai za ka fara cewa a huta, domin sabuwar amarya ba za ta ce ta gaji ba. In kun ga raƙumin dawa, ku tsaya inda ɗan rakiya ya tsaya, ba ihu, ba gudu don hoto, musamman in uwa ce da ɗanta.

Abinci da sauran

Kilishi, dambun nama, cuku, garin rogo, taliya, sardin, albasa, yaji, ganyen shayi. Fura ta yini ɗaya ce. A yi girki da ƙaramar tukunyar gas, a share ciyawa taku uku kewaye da ita, domin gobarar daji a yankin Bermo tana cinye abincin dabbobin makiyaya na shekara guda, kuma guntun taba ko tartsatsi ɗaya ne ke tada ta. Tafiyar ta kai a yi kasaru, muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Masu zuwa Yankari, akwai ɗakunan haya a sansanin Wikki, ku kama ɗaya ko da kuna da tanti. Birai a can suna fizge leda daga hannu suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Kada ku sa baƙi ko shuɗi saboda ƙudan tsando. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikinta, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, wani wurin ya sha kan mutum, kuma amaryar da ba ta son idon jama'a sai ta je da sassafe a ranar aiki.

Ranar dawowa a kwashe ledoji da gwangwanaye cikin buhu a zo da su gari, a sallami ɗan rakiya, a kama hanya da safe don a shiga Maradi da sauran rana. A shanya tanti kafin a naɗe. Duk wanda ya ji zazzaɓi cikin makonni biyu ya je a gwada jininsa, amarya kuma ta faɗa wa likita ranar al'adarta ta ƙarshe kafin a ba ta magani.