Kafin ka biya kuɗin 'ya'yan tarwada, nemi awo

'Yan uwa masu kiwon tarwada a Kaduna, gardamar nan ta fingalin (ƙananan 'ya'yan kifi) da jubenal (waɗanda suka ɗan fi su girma) ta ishe mu. Wani ya ce nasa jubenal ne, wani ya ce ƙarya ne, kuma kowa da ma'auninsa. Abin da mai ƙyanƙyasa a Mando ya kira jubenal, na Kakuri zai iya ce masa fingalin.

Ka bar suna, ka nemi abu uku: tsawon kifin da santimita, makonninsa tun daga ƙyanƙyasa, da girman ƙwayar abincin da yake ci. A ɗora biyar kusa da rula a turo maka hoto. Galibi mai santimita 3 zuwa 5 fingalin ne, abincinsa bai wuce milimita 1 ba, ko sama kaɗan. Mai santimita 7 zuwa 10 ya isa cin milimita 2.

Ga inda asarar take. Ka sayi ƙanana da sunan manya, ka zuba musu milimita 2, bakinsu bai iya ɗauka ba. Abincin ya nutse ya ruɓe, ruwa ya yi wari, kifi ya fara mutuwa. In kuma girmansu ya bambanta, manyan za su cinye ƙananan, don tarwada ba ta ƙyale 'yar uwarta. A tace su, wato a raba manya da ƙanana, duk mako biyu.

Lokacin hunturu kuwa, sanyi na rage musu ci, don haka makonni kaɗai ba hujja ba ne. Tsawon za ka duba.