Darasi na 7: Kalmar "skal" a harshen mutanen Danmak

Da wuya mutum ya wuni a Danmak bai ji "skal" ba: a shago, a asibiti, a bakin maigidan aiki. Asalinta "at skulle". Idan maganar ta yanzu ce sai a ce "skal", idan ta wuce a ce "skulle". Ba ta sauyawa ko wa ke magana: jeg skal (ni), du skal (kai ko ke), vi skal (mu). A baki kuwa harafin "l" kan ɓace, sai ka ji kamar "sga".

Bahaushe yana da sauƙin kama ta, domin tana aiki kusan irin na "za" ɗinmu. Mukan ce "za ni gida" ba tare da mun sa "tafi" ba. Haka su ma: "Jeg skal hjem." "Ina za ka?" shi ne "Hvor skal du hen?" Sai dai a kula da ƙaramar kalmar da ke zuwa kafin sunan wuri, don ba ɗaya ba ce: "til lægen" wurin likita, "på arbejde" wurin aiki, "i skole" makaranta, "i seng" kwanciya. Waɗannan haddace su ake yi. Kuma "hjem" ake cewa a nan, ba "hjemme" ba. "Hjemme" na wanda ya riga ya isa gida ne.

Tana kuma nuna tilas ko abin da aka riga aka tsara. "Du skal betale" na nufin sai ka biya. Aikatau da ke biyo ta ba ya ɗaukar "at". Wanda ya ce "jeg skal at betale" ya yi kuskure.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne wajen korewa. "Du skal ikke komme" kan zo wa mai ji da ma'anar kada ka zo. In kana so ka ce wa mutum ba dole ba ne ya zo, ka ce "Du behøver ikke at komme." Rikita su kan sa ka kori baƙon da kake nufin sauƙaƙa wa.

Kada kuma a haɗa ta da "vil", wadda ke nuna so. "Jeg vil hjem" ina son tafiya gida ke nan, har da ɗan nuna gajiya da wurin.

In kalmar lokaci, kamar "i morgen" (gobe), ta zo a farkon jimla, "skal" ce ke biye, sannan mai yi: "I morgen skal jeg på arbejde."

Mai shago zai tambaye ka "Hvad skal du have?", wato me za a ba ka? Ka amsa "Jeg skal have et brød." In ya miƙo burodin, ka ce "Tak skal du have", wato na gode.

Aiki: ka rubuta wurare 5 da za ka je a makon nan, kowanne ya fara da "Jeg skal", sannan ka sake rubuta su da "I morgen" a farko.