Yadda Ake Cin Abinci a Gidajen Abincin Asiya a Birnin Stockholm

Wanda karatu ko aiki ya kai shi Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin, ba ya daɗewa sai bakinsa ya fara neman abin da ya saba da shi. Abincin 'yan ƙasar dankali ne da kifi da dunƙulen nama, miyarsu ba ta san yaji ba. Wanda ya fi kusa da namu shi ne na mutanen Asiya: shinkafa, taliya, miya mai kauri, citta da tafarnuwa da barkono. Birnin kuwa cike yake da gidajen abincin Tailan, Indiya, Sin, Japan, Koriya da Biyetnam. Samun wurin ba wuya. Abu biyu ne ke kayar da baƙo: tsada, da naman alade ko giya da ke ɓoye a inda ido ba ya gani.

Mataki na farko: zaɓi lokaci

Ka je da rana, tsakanin Litinin da Juma'a. Kusan kowane gidan abinci yana da abin da suke kira dagens lunch, wato abincin ranar, daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana. Kuɗinsa galibi tsakanin krona 120 ne da 160, kuma a wurare da yawa har da ganye da ruwa da kofi a ciki. Irin wannan kwanon da daddare sai ya haura krona 200, ba tare da ƙarin komai ba. Ma'aikatan ofis suna cika wurin daga 11:30 zuwa 12:30, saboda haka ko dai ka riga su, ko ka bari sai bayan ƙarfe 1. A gidajen ɗebi-da-kanka, waɗanda suke rubuta buffé a ƙofa, gara sammako, domin bayan ƙarfe 1 da rabi soyayyun abubuwa sun yi laushi, shinkafa ta bushe a tukunya.

Da daddare mutanen nan suna cin abinci da wuri, wajen ƙarfe 6 zuwa 7, kuma kicin da yawa kan rufe ƙarfe 9 ko 10. Daren Juma'a da na Asabar sai ka kama tebur tun kafin ranar, ta waya ko ta shafinsu na intanet, musamman ƙarshen makon da ya biyo bayan 25 ga wata, lokacin da yawancin ma'aikata ke karɓar albashi. A watan Yuli wasu gidajen kan rufe makonni saboda hutun bazara. Ka duba kafin ka yi tattaki.

Mataki na biyu: zaɓi unguwa da irin gidan

A tsakiyar gari, kusa da dandalin Hötorget, akwai Kungshallen, inda rumfunan abinci iri-iri ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Unguwannin Södermalm da Vasastan suna da gidajen Japan da Koriya da Biyetnam masu yawa. Mai neman naman halal kuwa zai fi samun sauƙi a unguwannin da Musulmi ke da yawa: Kista da Rinkeby a kan shuɗin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko Skärholmen a kan jan layi. Babbar kasuwar Kista Galleria tana da filin cin abinci mai faɗi da za ka zagaya ka duba kafin ka yanke shawara.

Sabon zuwa ya fara da gidan Indiya. Da yawansu mutanen Bangaladash ne ke gudanar da su, kuma da wuya ka ga naman alade a jerin abincinsu. Biryani tamkar dafa-duka ce, naan gurasa ce, palak alayyafo ne, bhindi kuɓewa. Daga nan sai gidan Tailan. Gidajen Sin da Japan da Koriya su ne ke buƙatar ka buɗe ido sosai.

Mataki na uku: karanta takardar abinci da kyau

A nan ake yin ta. Ka haddace kalmomin Suwidanci kaɗan. Kyckling kaza ce, nötkött ko biff naman shanu, lamm rago, anka agwagwa, räkor jatan lande, lax kuma kifin salmon. Waɗanda za ka guje wa su ne fläsk, gris, skinka da bacon, waɗanda duk naman alade ne, da ister, wato kitsen alade. Akwai wata da ke yaudarar mutane da yawa: blandfärs. Niƙaƙƙen nama ne da aka haɗa na shanu da na alade.

Sai dai sunan da ke kan takarda ba ya faɗin komai duka. A gidan Japan, taliyar ramen da ake kira tonkotsu romonta ƙashin alade ne da aka dafa sa'o'i har ya yi fari kamar madara, yankan naman da ake ɗorawa a kai, chashu, shi ma alade ne. Ko ka ce a sa maka kaza, romon bai canja ba, kuma wasu gidajen suna gauraya romon kaza da na alade. Gyoza, 'yan ƙullin fulawa da ake soyawa, cikinsu galibi alade ne. A gidan Sin, mapo tofu yana kama da awara a cikin jar miya, mutum ya ɗauka abincin ganye ne, alhali ana zuba masa niƙaƙƙen alade. Haka siu mai da wonton da char siu. Soyayyar shinkafa ma a kan tsarma mata 'yan gutsattsarin skinka. Akwai kuma wani shahararren kwano da ake samu a tsofaffin gidajen Sin na Suwidin, fyra små rätter, wato ƙananan abinci huɗu a faranti ɗaya. Sau da yawa ɗaya daga cikin huɗun soyayyen alade ne a miya mai zaƙi da tsami, kuma miyarsa na malalowa ta taɓa sauran. Ka ce a musanya maka shi tun kafin a zuba.

A gidan Tailan sunan kansa yana taimako: gai kaza, neua naman shanu, goong jatan lande, moo alade. A gidan Biyetnam, pho bo romon ƙashin shanu ne, amma burodin banh mi ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade. A gidan Koriya, bulgogi naman shanu ne, samgyeopsal alade.

Giya tana shigowa ta miya. Masu girkin Japan suna amfani da giyar shinkafa iri biyu, mirin da sake, a miyar teriyaki, wani lokaci har a shinkafar sushi, wato 'yan dunƙulen shinkafa da kifi. Na Sin suna jiƙa nama da giyar shinkafa ta Shaoxing kafin suya. Miyar waken soya da aka tsima ma tana ɗauke da 'yar barasar da tsimin ya haifar, wannan kuwa magana ce ta malamai, kowa ya bi fatawar da zuciyarsa ta natsu da ita. Wanda babu ja a kansa shi ne lättöl. Wasu gidajen suna jera shi tare da ruwa da lemo a cikin kuɗin abincin rana, alhali giya ce mai sauƙin ƙarfi, barasarta na kaiwa kashi 2.25 cikin ɗari. Kada kwalbar ta ruɗe ka.

Mataki na huɗu: yi tambaya, kuma ka yi ta dalla-dalla

Kusan duk ma'aikatan suna jin Turanci, kuma tambaya a kan abinci ba abin kunya ba ce a wurinsu. Doka ta tilasta musu faɗin abubuwa 14 masu tayar wa mutum da borin jini, irin su gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, alkama da jatan lande, saboda haka sun saba komawa kicin su tambayo. Amma alade da giya ba sa cikin waɗannan 14 ɗin, sai ka ambata da bakinka.

Kada ka tsaya a kan "akwai alade a ciki?", domin mai kawo abinci zai tuna da tsokar da ake gani ne kawai. Ka ce: da me aka yi romon? Akwai giya a miyar? Mai ɗaya ake soya kaza da alade a ciki? Idan an rubuta halal a ƙofa, ka tambaya ko duk naman ne, saboda a wasu wuraren kaza ce kaɗai. Ka sani kuma cewa tun shekarun 1930 dokar Suwidin ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka naman halal na can ko dai an sumar kafin yanka, ko an shigo da shi daga waje. Wanda wannan ya dame shi, kifi da jatan lande da awara sun ishe shi, kuma a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi duk abincin ruwa halal ne. Kalmar vegetarisk tana nufin babu nama, vegansk kuwa ta fi ta tsauri, tana nufin babu komai na dabba, amma ba ta kore giya ba.

Batun yaji kuwa, an rage masa kaifi ne don bakin 'yan ƙasa. Za ka ga hoton barkono ɗaya, biyu ko uku a gefen suna. Wanda ya tashi da attaruhu ya fara daga uku, ko ya ce extra stark. A gidan Tailan ana ajiye garin barkono da miyar kifi a gefe. Warin miyar kifin kada ya kore ka, aikin daddawa take yi. Koren abin da ke gefen sushi, wasabi, shi ne ba a wasa da shi, hanci yake hawa. Ɗan ƙwayar gero ya isa. Sushi kuma ana sayar da shi da ƙidaya, guda 8, 10 ko 12, kifinsa ɗanye ne. Mai ciki sosai ya nemi 12. Idan tsinken cin abinci ya gagare ka, nemi cokali mai yatsu, ba mai kallonka.

Mataki na biyar: biya

Kuɗin ƙasar krona ne, ba yuro ba, kuma gidajen abinci da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam. Za ka ga an rubuta kontantfri. Manhajar Swish da 'yan gari ke biya da ita tana buƙatar asusun bankin Suwidin, saboda haka baƙo sai kati. Ba kowane katin banki na gida ke aiki a waje ba, ka gwada naka a shago kafin ka zauna ka ci. Da rana ana biya ne tun a kanta, a tambaye ka nan za ka ci ko a ƙunshe maka. Da daddare sai ka nemi notan, wato takardar lissafin kuɗi, a kawo maka tebur.

Ka kula da na'urar kati. A wurare da yawa takan fara neman ka rubuta jimillar kuɗin da kake son biya, totalbelopp, kafin ta nemi lambar sirri. Baƙi kan yi saurin buga lambar sirrinsu a gurbin kuɗi. Ka karanta tukuna. Haraji yana cikin farashin, tukwici kuma ba dole ba ne. Da rana ba a bayarwa, da daddare wasu kan cike kuɗin ko su ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ruwan famfo mai kyau ne, kuma akasari kyauta. Idan kun je ku da yawa, za a tambaye ku ko kowa zai biya nasa, domin haka al'adarsu take. Mai niyyar ɗaukar nauyin baƙinsa ya faɗa tun da wuri. A gidajen rana, in ka gama, kai za ka kai tirenka inda ake tarawa.

Sai lissafin salla. A watan Disamba azahar tana shiga kafin ƙarfe 12, la'asar wajen ƙarfe 1, rana kuma ta faɗi kafin ƙarfe 3, wato duk suna cunkushe a daidai lokacin abincin rana. Idan a Södermalm za ka ci, babban masallacin Stockholm, wanda aka buɗe a 2000, yana dab da tashar Medborgarplatsen. Ka yi azahar a can, ka ci abinci a kusa, ka dawo la'asar da ƙafa.