Kafin ka kama haya a Stockyards, je ka ga daren Asabar

Jama'a, duk mai neman gidan haya a unguwar Stockyards ta Fort Worth a jihar Texas, kada ya biya kuɗin cike fom sai ya je wurin ranar Asabar da misalin ƙarfe 10 na dare.

Dalili kuwa, dillali yakan nuna maka gida da rana, lokacin da unguwar take lafiya lau. Da dare labarin ya sha bamban. Juma'a da Asabar ana wasan hawan bijimai a Cowtown Coliseum, ga kiɗa a gidan rawa na Billy Bob's har tsakar dare, motoci sun cika ko'ina. Kuɗin fom kuma galibi ba a mayarwa.

Idan aka ba ka dama, shiga ɗakin kwana, rufe taga, ka yi shiru minti 5. Tsofaffin gine-ginen bulo masu tagogin gilashi falle ɗaya ba sa tare ƙara, ba sa tare zafi. Sannan ka tambaya: wurin ajiye mota naka ne kai kaɗai, an rubuta shi cikin yarjejeniya, ko kuwa na wanda ya riga zuwa ne? In ba a rubuta ba, ka ɗauka babu.

Ka kuma tuna ana koro shanu a Exchange Avenue kullum ƙarfe 11:30 na safe da 4 na yamma, titin yakan cika da 'yan kallo.

Inda dabarar ba ta aiki: zuwa a lokacin sanyi ba zai nuna maka zafin Yuli da Agusta ba. Nan sai ka nemi a nuna maka kuɗin wutar da gidan ya ci a bazarar da ta wuce.