Yadda za ka gane zoben tumbi ya fara ba da matsala

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ta zoben tumbi, dan Allah ka riƙe wannan: yawan amai ba alamar zoben na aiki ba ne. Mutane da yawa suna haƙuri da shi wai ai haka abin yake, har sai ya lalace.

Zoben na silikon ne, ana ɗaura shi a saman tumbi ya bar 'yar ƙaramar jaka, sai siririn bututu da ya haɗa shi da wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin fatar ciki, ta nan likita ke sa allura ya ƙara ruwan gishiri a cikin zoben don ya ƙara matsewa, ko ya rage. Kenan in ya matse da yawa ana iya sassauta shi ba sai an sake yanka ba.

Toh me za ka lura da shi? In ƙwannafi ya dame ka, ko kana farkawa cikin dare da tari da ruwa mai tsami a baki, ko loma na tsaya maka a ƙirji kullum, galibi zoben ya yi matsi, ka koma wajen likita a rage ruwan zoben, domin in aka bar shi haka bututun da ke kai abinci tumbi yana iya buɗewa ya saki. Wanda ya fi tsoratar da ni shi ne zamewa, wato tumbin ya turo ta cikin zoben. In ka kai ko ruwa ba ya wucewa, yawu ma sai ka tofar, ga ciwo mai tsanani a saman ciki, wallahi kar ka jira gari ya waye, ka tafi sashen gaggawa kuma kana shiga ka ce musu akwai zobe a cikinka, don jini na iya daina isa wani ɓangaren tumbin. Haka ma aman jini, baƙin bayan gida, ko kumburin ƙafa ɗaya da numfashi sama-sama.

Akwai kuma mai zuwa a ɓoye. Zoben kan ci bangon tumbi a hankali ya shige ciki, sai ka ga ka daina ƙoshi da wuri, nauyi na dawowa, ko wajen maɓallin ya yi ja yana zafi yana ruwa. Kar ka ce ai ƙurji ne ka shafa magani, sai an zura kyamara ta baki an duba, kuma yawanci cire zoben ake yi. Wani lokacin kuma bututun da ya haɗa zoben da maɓallin ne kawai ke yoyo, shi ya sa ka daina ƙoshi da wuri.

Wajen ci, ƙaramar loma, ka tauna har ta yi laushi sosai, kar ka kora da ruwa, bari kamar minti 30 bayan ka gama. Magunguna irin su ibuprofen da aspirin kar ka sha sai likitanka ya yarda. Ranar duba lafiya kuma ka je ko da kana jin garau, a gwada jini a ga ko bitamin da sinadarin ƙarfe sun yi ƙasa.