Yadda ake gwajin saiwa da taki a cikin gorar ruwa

Ƙwayoyin gadon da ke cikin saiwar gero, wato umarnin da tsiro ya gada kan yadda zai girma, iri ɗaya ne daga gindi har ƙarshenta. Abin da ya bambanta shi ne waɗanda aka kunna a kowane wuri, kuma abin da saiwar ta tarar a ƙasa yana cikin abubuwan da ke kunna su. A 1975 wani masani a Ingila, Malcolm Drew, ya nuna cewa idan aka ba wa sashe ɗaya na saiwar sha'ir fosfet ko naitaret (sinadaran abincin shuka da ke cikin taki), a sashen nan kaɗai rassan saiwa ke yawaita su yi tsawo. Da ya gwada fotashiyam bai ga haka ba. A 1998 aka gano ƙwayar gado mai suna ANR1 a ciyawar Arabidopsis, wadda naitaret ke kunnawa ta sa rassan su miƙe zuwa inda yake. Ana iya nuna wa ɗalibai irin wannan ba tare da ɗakin gwaji ba.

Nemi gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi guda shida, ka yanke kawunansu, ka huda gindin kowace sau biyar.

Yashi shi ne inda gwajin masu farawa ke lalacewa. Sai su ɗebo shi daga bakin kwata ko gefen garke, alhali cike yake da taki, saiwa ta samu abinci ko'ina, ƙarshe gorunan duk su fito iri ɗaya. Ɗebo yashin rafi, ka wanke shi a bokiti kana juyawa kana zubar da ruwan, har sai ruwan ya fito garau. Wanki biyu ba ya isa. Idan akwai ɗan duhu-duhu a ruwan, sake.

Takin kuma sufa za ka sa, kada ka sa kamfa. Naitaret ɗin da ke cikin kamfa ruwa yake bi, ban ruwa biyu ya watsa shi ko'ina cikin gorar. Fosfet ɗin da ke cikin sufa kuwa kusan inda aka ajiye shi yake zama. A goruna uku, daka wa kowace rabin giram na sufa ka gauraya da yashi mai kaurin santimita 3, ka shimfiɗa shi a zurfin santimita 10 daga sama, ka yi wa wurin alama a jikin gorar. A sauran ukun, gauraya rabin giram ɗin da dukkan yashin. Ba sai ka sayi buhu ba, abin da manomi zai ɗebo maka a tafin hannu ya yi yawa ma.

Gero ya fi masara a nan. Ƙwayar masara babba ce, guzurinta na fosfet yana ɗaukar tsiron kusan mako biyu, saiwar ba ta matsu da nema ba. Shuka ƙwayar gero huɗu a kowace gora, ka bar ɗaya bayan sun fito. Naɗe jikin gorar da baƙar leda saboda haske yana hana saiwa sakewa, yana kuma kawo gansakuka, sannan ka rufe ledar da farar takarda, in ba haka ba rana za ta dafa saiwar.

Narkar da giram ɗaya na yuriya a ruwa lita biyar, ka riƙa ba kowace gora kaɗan-kaɗan, daidai wa daida. Idan ruwa yana tsiyaya ta gindi, ka yi yawa.

Bayan mako uku, tsaga gorar da reza, ka wanke saiwar a hankali kan rariya. Ƙirga rassan da ke daidai alamar, ka kwatanta da na sama da na ƙasa, sannan da na gorunan da aka gauraya takinsu. Idan saiwar ta tsaya cak a bakin shimfiɗar, bakinta ya yi ruwan ƙasa, takin ya yi yawa ya ƙone ta. Sai ka rage shi zuwa rabi ka sake shuka.