Yadda ake saita tsayin mota daga ƙasa kafin a shiga filin tsere

Da zarar mutum ya ɗaura wa motarsa shokozoba masu zare, waɗanda ake kira koyiloba, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya sauke ta har ta kusa lasar kwalta. Da gaskiyarsa ta wani fannin: idan nauyin mota ya yi ƙasa, ba ta cika kwantawa gefe a kwana ba. Sai dai saukewar tana da iyaka, kuma motar da aka wuce gona da iri wajen sauke ta ta fi wadda ba a taɓa ba wuyar sarrafawa. Tsayin da ake nema shi ne mafi ƙanƙanta da zai bar wa shokozoba wurin motsi.

Ka tanadi jak da ƙarafan tokare mota, tef mai milimita, sifanar koyiloba mai ƙugiya, gejin iskar taya, da littafi da biro. In da hali, ka aro sikeli huɗu na auna nauyin kowace ƙafa.

Fara da daɓen, ba da motar ba

Daɓen gareji ba ya rasa gangara, ko da ido bai gani ba. Bambancin milimita kaɗan tsakanin inda tayoyi suka taka ya isa ya ɓata maka lissafi gaba ɗaya. Ka zana wurin kowace taya da alli, ka gwada wuraren huɗu da tiyo mai ruwa irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, sannan ka cike inda ya faɗa da siraran faranti har su zo daidai. Kullum a nan za ka riƙa ajiye motar.

Ka shirya ta yadda za ta shiga fili

Ka sa tayoyin da za ka yi tsere da su, da iskar da za ka yi amfani da ita. Ka kwashe safaya da tarkacen but. Mai ya kasance kamar rabin abin da za ka fita da shi, domin litar fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, wato lita 40 kilo 30 ke nan zaune a bayan mota. Kujerar direba kada ta zauna wayam. Ko shi direban ya shiga, ko a ɗora abin da ya kai nauyinsa. Mai kilo 75, buhun siminti ɗaya da rabi ya wakilce shi. Daga nan ka kwance mahaɗin sandar sitabilaiza, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwantawar mota a kwana, a gefe ɗaya, gaba da baya, don kada ta riƙa murɗa motar tana ba ka awon ƙarya.

Awon farko

Ka danna kowace kusurwa sau biyu ko uku, ka tura motar gaba da baya ta zauna. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, ka rubuta. Wannan ya fi aunawa daga ƙasa, don iskar taya ba ta shiga ciki. Amma madigadi yakan zo da ɗan bambanci daga kamfani, balle motar da ta taɓa zuwa wurin mai gyaran bodi. Saboda haka ka ƙara da awo daga wani tsayayyen wuri a jikin shasi zuwa daɓe, ka yi masa alamar fenti. Ka kuma auna zaren da ya rage ƙarƙashin zoben da kowane sifirin ke zaune a kai.

Nawa za a sauke?

Nan ne aikin yake. Ka durƙusa ka dubi hannun ƙasa na ƙafar gaba, wanda makanikai ke ce wa lowa am. A motocin da ke da ƙafar MacPherson, wato mai hannu ɗaya a ƙasa, shokozoba kuma shi ke riƙe ta daga sama, irin su BMW E36 da E46, ko Honda Civic daga samfurin 2001, hannun nan ya kamata ya kwanta daidai da ƙasa, ko bakinsa na wajen taya ya ɗan fi na ciki ƙasa. Idan ka sauke motar har bakin waje ya haura na ciki, ka wuce wurin. Motar za ta ƙara son kwantawa a kwana duk da ta yi ƙasa, tayar waje kuma ta riƙa takawa da kafaɗarta. Tayirod, sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya, shi ma ya karkace, sai ka ji sitiyari na fizga duk inda ka taka tudu. Motoci masu hannu biyu, sama da ƙasa, kamar Mazda MX-5, sun fi haƙuri da saukewa, amma su ma suna da iyaka.

Abu na biyu shi ne tazarar da ta rage kafin shokozoba ya daki robar da ke tare shi. Motar da ke zama kan robar nan a tsakiyar kwana ta zama amalanke, tayar sai tsalle take yi maimakon ta kama hanya.

Filin ma yana da ta cewa. Tsohuwar hanyar Nürburgring a Jamus, mai tsawon kilomita 20 da ɗoriya, cike take da tudu da kwari, ga kwanar Karussell mai kankare, don haka ana barin mota da ɗan tsayi. Haka Sebring a Amurka, wanda aka yi a kan tsohon filin jirgin sama. Ko a Formula 1 tsayi na kayar da manya: tun 1994 ake ɗaura falanki mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin mota, kuma a dokar da ake bi a 2023, in ya cinye fiye da milimita 1 an karya doka. A tseren Austin na 2023, wannan ne ya sa aka soke sakamakon Lewis Hamilton da Charles Leclerc.

Juya zobe

Ka ɗaga motar, ka tokare ta, ka goge zaren da burushi ka ɗan sa masa mai. Idan koyilobarka mai saiti biyu ce, ɗaya a gindin shokozoba ɗaya a zoben sifirin, da gindin shokozoba ake canza tsayi, a bar zoben sifirin inda kamfani ya ce. Ka yi wa zobe alama ka riƙa ƙirga zagaye, hagu da dama daidai wa daida. Kada ka ɗauka milimita 5 a zobe milimita 5 ce a taya. Inda sifirin ya zauna a tsakiyar hannu, motsin taya ya fi na zoben yawa. Ka juya, ka sauke, ka tura ta zauna, ka sake aunawa. Da yawa sukan bar baya ya ɗan fi gaba tsayi. Galibi ɗaga baya na sa mota saurin shiga kwana, in ya yi yawa bayan ya riƙa zamewa.

Raba nauyi a kan sikeli

Ka ɗauka mota da direba kilo 1,200 ne: gaba hagu 340, gaba dama 300, baya hagu 280, baya dama 280. Haɗa gaba dama da baya hagu, 580 ke nan, kusan kashi 48 cikin ɗari. A filin da ke da kwanar hagu da ta dama, kashi 50 ake so, don motar ta yi hali ɗaya a kowane ɓangare. Ɗaga zobe a wata ƙafa yana ƙara mata nauyi ita da kishiyarta ta ɗaya kusurwar, ya rage wa sauran biyun. To ka ɗan ɗaga gaba dama da baya hagu, ka ɗan sauke sauran, har ka samu 330, 310, 290, 270. Ka lura jimlar gaba tana nan 640, ta hagu 620. Waɗannan jimlolin, zobe ba ya canza su, sai an matsar da abu mai nauyi kamar batir.

In ka gama, ka mayar da mahaɗin sitabilaiza direba na ciki, ƙusar ta shiga ba tare da an tilasta ta ba. Ka ɗaure zoben makulli tam. Bushin roba kuwa, a sassauta shi a sake ɗaurewa motar na tsaye kan tayoyinta, in ba haka ba zai zauna a murɗe ya tsage da wuri.

Alaimen ne na ƙarshe, domin duk canjin tsayi yana taɓa karkatar taya da inda take fuskanta.

A filin

Ka ɗaura siririn maɗaurin roba na waya a sandar kowane shokozoba, ka tura shi ƙasa. Bayan ka yi ’yan zagaye, inda ya tsaya shi ne iyakar inda shokozoban ya nutse. In ka tarar da shi a matse jikin robar sama, ka ɗaga motar ko ka nemi sifirin mai ƙarfi. Ka leƙa cikin madigadi ko taya ta goga, ka duba ƙarƙashi ko akwai sabon karce. Sababbin sifirin sukan ɗan zauna bayan fitar farko, don haka ka koma kan daɓen nan naka ka sake awo. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowace fita, milimita 3 zuwa 5, ka rubuta shi tare da lokacin da ka yi a zagaye.